Yadda na shawo kan kukan ɗiyata a gidan reno

Sati biyu ɗiyata 'yar wata 18 tana kuka kamar ranta zai fita duk safiyar da na kai ta gidan reno. Ashe laifina ne. Da ta shagala da wasa sai in sulale, ta waiwayo ta ga wayam.

Na daina ɓuya. Nakan durƙusa in rungume ta, in ce, "Mama za ta tafi, in kin tashi barcin rana zan dawo." Na bar mata ɗankwalina mai ƙamshin jikina, na kuma roƙi mai reno guda ta riƙa karɓarta kullum, don yaro ƙarami fuska ɗaya yake sabawa da ita. Ban taɓa saɓa alkawarin ba.

Rana ta biyar, da kanta ta miƙa wa matar hannu, ɗankwalin maƙale a hammatarta.