Masu zuwa wasan mawaƙa a Jos, a kula da kunne

Jama'a, kada ku tsaya gaban lasifika. Ƙarar wurin takan kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, wanda bayan minti 15 yake fara yi wa kunne illa. Shi ya sa ake komawa gida kunne yana ta "fiii". Ku nemi abin toshe kunne na soso: a murza shi ya sirance, a ja kunnen sama, a zura, a danne daƙiƙa 30 har ya kumbura. Auduga ba ta tare ƙara sosai, ɓata lokaci ne.

Sauti ya fi fita tas kusa da teburin mai saita sauti, can tsakiya.

Ku ɗauki hoton tikiti tun daga gida, netwok yakan shaƙe idan wuri ya cika. Rigar sanyi kuwa dole, kun san Jos a Disamba.