Yadda Ake Girka Tsohon Wasan Kwamfuta a Windows 10 ko 11

Kafin a taɓa komai, ya kamata a fara gano shekarar da wasan ya fito, domin ita ce ke nuna irin matsalar da za a fuskanta. Yawancin wasannin farkon shekarun 1990 an yi su ne don DOS, tsohon tsarin sarrafa kwamfuta na kafin Windows, kuma Windows mai 64-bit ba ya buɗe su kai tsaye, sai ta manhajar DOSBox, wadda kyauta ake sauke ta.

Idan kuwa wasan na zamanin Windows 98 ko XP ne, sai a kwafe duk abin da ke cikin faifan wasan zuwa kwamfuta, a nemo fayil ɗin girkawa mai suna setup.exe, a danna shi da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, sannan Compatibility. A nan za a zaɓi Windows XP, a kuma sa alama a kan Run this program as an administrator. Idan aka tambayi inda za a girka shi, gara a ba shi wuri irin C:\Games, saboda Windows na yanzu yana tsare Program Files, alhali tsofaffin wasanni a nan suke son ajiye bayanansu.

Wani lokaci setup.exe ba zai ko motsa ba, har mutum ya ɗauka faifan ne ya lalace. Sau da yawa wasan lafiyarsa ƙalau, manhajar girkawar ce aka rubuta da tsarin 16-bit, wanda Windows 11 bai san shi ba sam. Ƙaramar manhajar winevdm kan warware wannan.

Bayan an girka, wasanni irin su GTA Vice City na 2003 kan yi ƙorafin ba su ga DirectX ba, wato sashen Windows da wasanni ke dogara da shi wajen hoto da sauti, ko da yana nan. Abin da suke nema shi ne DirectPlay, wani tsohon ɓangare na DirectX, kuma ana kunna shi ta Control Panel, a sashen Turn Windows features on or off, ƙarƙashin Legacy Components.

Mafi wuyar sha'ani shi ne faifan da aka kulle da SafeDisc, wata kariya ta hana kwafar faifai, domin tun 2015 Microsoft ta daina goyon bayan wannan kariya. Mutane da dama kan sauke fasassun fayiloli, wato waɗanda aka cire wa kariyar, daga intanet, amma a ganina kasadar shigo da mugun birus ta fi ƙarfin wasan. Ya fi a duba ko shafin GOG, wanda ke sayar da tsofaffin wasanni da aka gyara don kwamfutocin yau, yana da shi.