Kafin ku taɓa sandar ƙaramar giya

'Yan'uwa masu tsofaffin motocin soja, irin Willys MB ko Dodge M37, ku kula da sandunan nan biyu na akwatin raba ƙarfi, wato akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya da na gaba. Ɗaya ce ke haɗa tayoyin gaba, ɗayar kuma ke zaɓar babbar giya ko ƙarama. A Willys, sai kun haɗa gaba tukuna ƙaramar za ta shiga, ta kusan ninka ƙarfin ja.

Kafin ku sa ƙaramar giya, ku tsaya cak, ku taka kuloci har ƙasa. In kun ji haƙoran giya na gurzar juna, ku saki, kada ku danna da ƙarfi.

Da kun hau kwalta, ku cire gaba. In sandar ta cije, ku ɗan yi baya da motar, za ta saki.