Kurakuran da ke kashe tsofaffin na'urorin wasa a Maradi, da maganinsu

Na'urar wasa ta shekara talatin tana aiki a hannun mai ita na farko, ta biyo kayan gwanjo daga Kwatano ko ta shigo ta Ɗan Isa daga Kano, ta iso Maradi lafiya lau, sannan ta mutu a daren farko. Na ga haka ba sau ɗaya ba, kuma kowane karo sai na ji ciwon abin, domin an daina ƙera irinta tuntuni. Kusan kullum gaggawar mai ita ce sanadi.

Babban kuskure shi ne haɗa ta da kuran kafin a karanta bayanta. Kuran ɗinmu volt 220 ne, na Amurka 120, na Japan 100. PlayStation ta farko, wadda Sony ya fitar a Japan a 1994, a cikinta abin juya wutar yake, kuma igiyarta iri ɗaya ce da ta rediyo, shi ya sa mutum ke sa ta a bango ba tunani. Wani ƙanena na unguwa ya kawo mini tasa yana cewa, "Yaya, ta yi ƙara sau ɗaya, sai hayaƙi." Na juya ta, sai ga SCPH-1001. Lambar ƙarshe ita ke faɗin gaskiya: 0 ta Japan ce, 1 ta Amurka, 2 ta Turai. Mai 2 kaɗai za ka sa kai tsaye. Sauran sai da transfo mai rage wuta zuwa 110.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa: ɗaukar kowane sharjur da bakinsa ya shiga. NES, na'urar kamfanin Nintendo ta Turai da Amurka, wuta mai juyawa take ci, wato AC, amma 'yar'uwarta Famicom ta Japan ta 1983 wuta marar juyawa take so, wato DC, kuma in ka ba ta abin NES ka ƙona ta. Mega Drive ta farko, ta kamfanin Sega, tsakiyar bakin sharjur ɗinta ragi (−) ce, ta biyu kuwa ƙari (+) ce. Akwai ɗan zane a jikin sharjur da ke nuna wannan. Ka duba shi, kuma ka je wurin mai gyaran rediyo ya auna maka da mita kafin ka haɗa. In kuran ya tafi, cire filogi, domin dawowarsa da ƙarfi ce ke yin ɓarna. Da regilater a tsakani hankalinka zai fi kwanciya, musamman in da gurup kake kunnawa.

Hura kaset da baki kuwa mun gaje shi tun muna yara. Abin da ke sa wasan ya tashi shi ne cirewa da mayarwa, shi kuwa numfashi danshi yake bari a kan haƙoran tagulla har su yi tsatsa. Sami alkol mai ƙarfi na farmasi, 90 ko sama, ka ɗiga a ɗan tsinken auduga, ka goge har audugar ta daina baƙi, ka bari ya bushe.

Ƙurar hunturu da zafin Afrilu, lokacin da ake wuce digiri 40, suna son dabara guda: rufe ta da zane in ta huta, buɗe ta sarai in tana aiki. Na ga masu barin ta cikin leda tana kunne don tsoron ƙura. Dafa ta suke yi.

Wasu kuma suna jefar da lafiyayyiyar na'ura don hoton ya fito baƙi da fari. Ita ba ta da laifi. Ta Amurka ko Japan ce mai tsarin hoto na NTSC, tele kuwa PAL ko SECAM ta sani. Waɗanda suka fito daga Faransa galibi igiyar Peritel suke so, mai faɗin baki ɗin nan, kuma hotonta ya fi na igiyar eriya nesa ba kusa ba.

Kuskuren da ya fi damuna dai na kunne ne. Mutane suna sauraron waɗannan na'urori ta ƙaramar lasifikar tele, alhali rabin daɗin wasan a kiɗan yake. Mega Drive, wadda Sega ya fitar a 1988, tana ɗauke da guntun Yamaha YM2612 mai murya 6, ɗan gidan su piyanon lantarki na wancan zamani. A samfurin farko, ramin baya sautin lasifika ɗaya yake fitarwa. Sitiriyo na gaba yake, a ramin abin kunne, kusa da makullin ƙara sauti. Ja igiya daga nan zuwa ampili, ko da irin na masu kiɗan biki ne, ka ji yadda bas ɗin ke bugun ƙirji kamar ganga. Ranar da na fara yin haka na zauna na bar wasan a tsaye, ina saurare kawai. Ka kuma sani cewa wasanni da yawa, har da Sonic na 1991, a na'urar Turai mai bugun hoto 50 a daƙiƙa suna tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari in an gwada da ta Amurka ko Japan mai bugun 60. Kiɗan ma haka yake ja. In ka ji shi a waya da sauri, naka bai lalace ba.

Wanda Allah ya ba kwamfutar Commodore 64 ta 1982 ya riƙe ta da hannu biyu. Guntun kiɗanta, SID, murya 3 gare shi, kuma rauni ne da shi: kada ka sa ko cire igiyar sauti tana kunne. Tsohon, 6581, volt 12 yake ci, sabon, 8580, volt 9, don haka ba a musanya su haka kawai. Abin wutarta na asali in ya tsufa yakan ɗaga volt 5 ɗinsa ya ƙone guntayen ma'ajiya, sai a auna shi kafin komai. Kwamfutar Amiga 500 kuma, buɗe ƙofar ƙasanta ka duba katin ƙarin ma'ajiya. In da batirin agogo a jiki, sa mai gyara ya cire shi yau, ya goge koren da ya zubo, tun bai ci layukan allon ba.