Yadda na gyara feshin ruwa a mota mai supacaja

Supacaja na'ura ce da ke tura ƙarin iska cikin injin, feshin ruwa kuma yana sanyaya iskar don kada injin ya riƙa ƙara. Da na taka totur sai injin ya riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ƙarfi kuma ya ragu. Ruwan tankin feshi ba ya raguwa, alhali famfo na aiki.

Na kwance nozul, wato bakin da ke fesa ruwan, daga bututun iska, na ba famfo wuta kai tsaye. Maimakon feshi mai laushi, sai ɗigo. Farin gishirin da ruwa ke bari ya toshe ramin nozul ɗin, don mai motar na baya ruwan rijiya yake zubawa. Na jiƙa nozul ɗin cikin binega (ruwan khal) ya kwana, ban tsokane shi da allura ba, don tana faɗaɗa ramin. Na wanke filta da tankin, na zuba tataccen ruwa marar gishiri da metanol (wani nau'in sinadarin alkohol) rabi da rabi. Ƙarar ta ɗauke.