Yadda Malamin Ba Da Shawara Zai Gano Abin Da Ke Damun Ɗalibai a Makarantar Ƙauye

Ranar da aka ɗora maka wannan aiki a ƙaramar sakandare, shugaban makaranta zai fara turo maka yaran da aka yi wa laƙabi da kangararru. Kada ka yi gaggawar nasiha. Fara duba makarantar tukuna.

Ɗauko rajistar kiran suna ta wata guda, ka ga ranakun da ake fashi. A yankin Maigatari aji kan rame ranar Alhamis saboda kasuwar dabbobi, a Wudil kuwa ranar Juma'a. Haka ma da kaka, lokacin yankan gero da roron wake. Yaron da sai ranar kasuwa yake ɓacewa, wataƙila igiyar akuyar babansa yake riƙewa.

Daga nan ka zauna a bayan aji na ɗan lokaci, ka yi shiru. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibai 40 ga malami ɗaya a sakandare. Ƙirga na gabanka. Wa ke zaune a ƙasa? Wa ke jikin tagar da ba murfi, ƙurar hunturu na shiga masa ido? Allon ya koɗe? Sau da yawa mai surutun baya ba ya hango rubutu ne. Dawo da shi gaba mako guda, ka gani.

Sai banɗaki, wanda kowa ke jin nauyin ambata. Idan ba ƙofa, ba ruwa, 'yan matan da suka fara girma sukan wuce gida da an fita tara, ba su dawowa. Ba za su faɗa wa namiji dalili ba, ko da zai kwana yana tambaya. Nemi malama, in babu, wata dattijuwa daga kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta.

In za ka gana da yaro, guji ofishin malamai inda bulala ke kan tebur. Gindin darbejiya ya fi, inda ana ganinku amma ba a jinku. Abin da ya faɗa maka kada ya zama hirar shayi.

Iyaye kuma, takarda ba ta kawo su. Bi ta hannun mai unguwa, ka je bayan la'asar, da buƙata ɗaya ƙarama: ƙofar langa-langa, ko gyaran famfon tuƙa-tuƙa.