Jigo da Take a Jarrabawar Turanci: Inda Ɗalibanmu Suka Fi Zubar da Maki

Duk shekara idan jarrabawa ta ƙarato, nakan zauna da 'yan ajin ƙarshe na sakandare mu riƙa bin tsofaffin tambayoyin Turanci ɗaya bayan ɗaya. A sashen auna fahimta akwai tambaya guda da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai amsa wane ne ya yi kaza, a ina, a wace shekara, duk daidai. Da an zo kan wadda ke neman "main idea" ko "suitable title", sai ka ga ya faɗi warwas. Ya karanta matanin, ya san ma'anar kalmomin, amma ya kasa faɗin abin da marubucin ya tashi faɗa.

Makin da ake asara a nan ba kaɗan ba ne. A jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne, kuma ko likita kake son zama ko lauya sai ka yi su. A WAEC, takarda ta biyu tana da maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ita taƙaitawar nan kuwa aikinta ke nan, tsamo jigo daga cikin tarin misalai. Wanda bai iya shi ba ya sa kiredit ɗinsa na Turanci cikin haɗari, kuma kowa ya san ba a shiga jami'a sai da shi.

Abin da ke ƙara damuna shi ne yaran nan sun san abin tun a ajin Hausa. Malamin adabi ya koya musu jigo, ya koya musu warwarar jigo, ya nuna musu ƙananan saƙonnin da ake gina babban da su. Ka ba su waƙar baka, nan take za su ce maka jigonta noma ne, ko zuga, ko wa'azi. Wannan jigon shi ne Bature yake tambaya. Take kuma shi ne sunan da za a raɗa wa rubutun, irin kanun labarai da muke ji a rediyo kafin cikakken bayani. Tambayoyi biyu ne ke fito da su. A kan me ake magana? Me aka ce a kansa? Amsar ta farko ita ce batu, kuma daga ita ake sassaƙa take. Idan ka haɗa ta farko da ta biyu cikin jimla ɗaya, ka sami jigo.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane shi ne zaɓen abin da yake gaskiya amma ƙarami. Akwai wani matani da nakan rubuta wa ɗalibai a kan Tafkin Chadi, sakin layi huɗu. Na farko yana siffanta kasuwar kifi ta Baga, da yadda ake loda bandar kifi a manyan motoci zuwa kudu. Na biyu ya ce a farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sai farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwansa. Na uku ya nuna masunta sun koma noma a busasshiyar ƙasar da ruwa ya bari, suna ta samun saɓani da makiyaya. Na huɗu ya rufe da cewa mutanen Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru ne ke ci daga tafkin, kuma ƙanƙancewarsa ta taɓa kowa. Sai in ba da zaɓi huɗu na take, zan kawo su da Hausa don kowa ya bi: kamun kifi a Tafkin Chadi, sauyin yanayi a Afirka, tafki mai ƙafewa da al'ummar da ke rayuwa da shi, dalilin da ya sa dole a jawo wa tafkin ruwa daga wani kogi.

Hannuwa da yawa kan tashi a kan na farko. Wata ɗaliba, mai ƙoƙari ce ƙwarai, ta taɓa miƙewa ta ce, "Malam, ai an yi maganar kifi, ga shi nan a layi na biyu." Na ce mata gaskiya ne, 'yata, an yi. Amma ɗaga yatsunki huɗu, kowane yatsa sakin layi ɗaya. Wane ne a cikinsu yake ƙarƙashin kamun kifi? Ta lanƙwasa na farko, ta yi jim a kan na uku, sauran biyun suka tsaya a miƙe. Ta yi murmushi ta zauna, ta gane. Take kamar hula yake. Idan ta matse, ba za ta shiga kai ba, sai dai ta ɗare a ƙeya. Kamun kifi ƙaramar hula ce, sakin layi ɗaya da rabi kawai ta rufe. Masu shirya tambaya da gangan suke ɗauko irin wannan zaɓi daga cikin matanin, don sun san idon ɗalibi zai tuna ya gan shi, zuciyarsa ta kwanta. Gyaran shi ne wannan lissafin yatsu. Duk sakin layin da ka gama, ka ba shi suna na kalma uku ko huɗu a zuci: kasuwar kifi, janyewar ruwa, rikicin gona da kiwo, ƙasashe huɗu. Zaɓin da ya lanƙwasa maka duk yatsun shi ne naka.

Zaɓi na biyu, sauyin yanayi a Afirka, hula ce mai zurmawa har ta rufe ido. Masu zaɓensa galibi yara ne masu son karatu, suna ganin babbar magana ita ta fi kama da amsar masana. Ka tambayi kanka: in an ba ni wannan take aka ce in yi rubutu, wannan matanin zan rubuta? Da za ka rubuta a kan sauyin yanayi a Afirka, sai ka taɓo gurgusowar hamada, ka taɓo ambaliya, ka leƙa gabas da kudu. Matanin kuwa bai bar bakin tafki ɗaya ba.

Na huɗun ya fi ba ni tausayi, domin sanin yaro ne ke kayar da shi. Ya ji a rediyo ana maganar jawo ruwa daga yankin Kongo zuwa Tafkin Chadi, maganar kuma ta shiga ransa, sai ya zaɓa. Amma marubucin bai ce uffan a kan haka ba. Ba a tambaye ka abin da ka sani ba, ko abin da ya kamata a yi. An tambaye ka abin da ke cikin wannan takarda. Ko da marubucin ya faɗi abin da kai ba ka yarda da shi ba, nasa za ka mayar masa. Irin wannan ne ke faruwa idan aka kawo labari mai ɗan darasi. Mu da muka tashi da tatsuniya da wa'azi, kunnenmu ya saba jiran hikimar da ke ƙarshen zance, don haka da yaro ya hango karin magana a cikin zaɓi, wadda ke yabon gaskiya ko haƙuri, sai hannunsa ya tafi can. Wani lokaci ita ce amsar. Sau da yawa kuma labarin na wani direba ne da motarsa ta lalace a daji, ba ruwansa da haƙuri ko gaskiya. Ka nemi jimlar da ta goyi bayan zaɓinka, wadda za ka iya ɗora yatsa a kanta. In babu, rabu da shi komai daɗinsa.

Sai maganar jimlar farko. An koya wa ɗalibai cewa jigon sakin layi yana zama a jimlarsa ta farko, suka riƙe hannu bibbiyu kamar karatun allo. Yakan zama haka, amma marubutan Turanci suna da wata ɗabi'a: su fara da ra'ayin da suke shirin rushewa. Matani zai buɗe da cewa mutane da yawa sun ɗauka wayar hannu ce ta lalata karatun yara, ya yi layi uku yana kawo hujjojinsu, sannan ya ce "however". Daga wannan kalma ne marubucin ya fara magana da bakinsa, duk abin da ya gabata shimfiɗa ce. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Idan dattijo ya ce maka, "Yaron kirki ne, yana da ladabi, ga zumunci, sai dai fa...", ka san ba ladabin ya kira ka ya faɗa maka ba. Abin da ke bayan "sai dai fa" shi ne zancen. To "however" da "but" da "yet" da "nevertheless" su ne "sai dai fa" na Bature. "Therefore" da "thus" da "in short" kuma su ne "saboda haka" da "a taƙaice", inda ake ɗaure bakin buhu. Amma da ka ga "for example" ko "for instance" ko "such as", ka san misali ne ke tafe, kuma misali ba ya zama jigo. A WAEC da NECO, in takarda na gabanka, ka ja layi a ƙarƙashin waɗannan kalmomi da fensir. A JAMB da ake yi a kwamfuta, sai dai ka rage gudu duk inda ka ci karo da su.

Wasu kuma ƙidayar kalma suke yi. Sun ga "water" ta fito sau goma, sai su zaɓi duk taken da ke ɗauke da ita. Kalmar da ta yawaita batu kawai take nuna maka, ba ta gaya maka me aka ce a kansa. Amsar daidai ma sau tari da wasu kalmomi dabam ake rubuta ta, don a gwada ko ka fahimta.

A kula kuma da zafin zaɓi. Marubuci ya ce wasu manoma kan yi asara a wasu shekaru, zaɓi ya ce manoma kullum cikin asara suke. "Always" da "never" da "all" da "only" kalmomi ne masu rantsuwa, marubucin da ya yi magana da sassauci kuwa bai rantse ba. Haka idan matani ya auna amfanin abu da illarsa, taken da ya ambaci illa kaɗai ya karkata.

Akwai wata al'ada da ake koya wa yara a wuraren lesin, wai ka fara karanta tambayoyi da zaɓinsu kafin matani don ka rage ɓata lokaci. Na san inda ta samo asali. Tambaya 180 cikin minti 120, daƙiƙa 40 ke nan kowace ɗaya, dole hankali ya tashi. Ga tambayar da ke neman suna ko shekara, dabarar tana aiki. Ga jigo da take kuwa cutarwa take yi, domin ka cusa wa kanka amsoshi uku na ƙarya tun kafin ka ji ta bakin marubuci, sai ka shiga matanin kana neman abin da zai gaskata su. Shawarata ita ce ka leƙa tambayoyin kawai, ban da zaɓin. Ka karanta matanin sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Kalmar da ba ka sani ba, tsallake ta. Na ga yaran da suka ƙone minti biyar a kan kalma guda wadda ko tambaya ba a yi a kanta ba. Da ka kai ƙarshe, ɗauke idonka ka faɗa wa kanka da Hausa, cikin jimla ɗaya, abin da mutumin nan yake cewa, kamar ƙanenka ne ya tambaye ka. Kada ka ji kunyar yin tunanin da Hausa, babu mai rage maka maki a kan abin da ke cikin kanka. Sannan ka buɗe zaɓin ka nemi wanda ya fi kusa da jimlarka. Ko da tambayar take ce ta zo farko, ka bar ta sai ka gama sauran, domin su ma suna ƙara zagaya da kai cikin matanin.

Inda ake rubuta amsa da hannu, matsalar takan sauya kama. An ce ka ba da take, ka rubuto jimla mai layi biyu. Take gajere ne, kalmomi kaɗan, ba ya buƙatar "this passage is about" a gabansa. A taƙaitawa kuma akasin haka ake so: in an ce jimla shida, to cikakkun jimloli shida, kowace da mai aiki da aikatau, ba guntaye ba. Babban abin da ke halaka maki a nan shi ne kwafe jimlar marubuci sukutum da misalanta da adonta. Mai maki yana ganin haka ya san ba ka tace komai ba. Marubuci ya lissafo gero da dawa da masara da shinkafa, kai ka ce hatsi, wato "grains". Ya kawo labarin wani manomi don ƙarfafa magana, kai ka bar manomin ka ɗauki maganar.

Atisayen da nake ba ɗalibaina ba ya cin kuɗi. Ka sami tsohuwar jarida, Daily Trust ko wata, ko ta wajen mai ƙosai ce. Ka naɗe kan labarin ta baya kada ka gani, ka karanta labarin, ka rubuta naka kan, sannan ka buɗe ka gwada. In Turancin yana yi maka nauyi, fara da jaridar Aminiya har tsawon mako biyu, aikin ƙwaƙwalwar iri ɗaya ne, sannan ka koma ta Turanci. Labari ɗaya a rana ya isa. Sharhin edita ya fi labaran siyasa amfani, don shi ya fi kama da matanin jarrabawa, kuma kanun wasu labaran an yi su ne don jan mai saye.

A ɗakin jarrabawa, in ka zubar da zaɓi biyu saura biyu sun riƙe maka wuya, kusan kullum ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi. Koma ka sake karanta jimlar farko ta matanin da sakin layinsa na ƙarshe, ka ga wanne daga cikin biyun ya rufe su duka. Ka zaɓa, in a kwamfutar JAMB ne ka danna maɓallin N ka wuce ta gaba.